Dalilin da Ya Sa Teku Ke Yin Ja Idan Ruwan Ɗumi Ya Zo

Dalilin da ya sa teku ke rinewa ja, kifi ya taso a mace, idan ruwan ɗumi ya ratso, ku matso ku ji shi, yara.

A da can ruwan teku sanyi gare shi kamar ƙanƙara. A wani ƙauyen masunta akwai Tabawa, mai bandar kifi. Wata rana mijinta Cindo ya faɗa ruwa yana jan taru, kafin a ciro shi ya sandare. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Barmani.

Da ta gama takaba, sai ta bi gaɓa, tafiyar kwana tara, har wurin wata tsohuwa da ke tsare da ruwan ɗumi a bayan wani dutse.

Ta durƙusa ta ce, "Iya, sanyi na cinye mana maza. Ki sako mana ruwanki."

Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, ruwana duk abin da aka ba shi rainonsa yake yi. Zan riƙa sako shi wata uku a shekara, amma kada ku zuba masa ƙazanta."

Tabawa ta ɗauki alkawari a madadin ƙauye.

Ruwan ya zo, maza suka daina mutuwa, kamu ya yi yawa. Hanjin kifi kuwa sai an kai shi daji an binne. A shekara ta uku, ran nan da azahar, Tabawa bayanta ya ƙage, ga ƙwaryar hanji cike, ga ƙudaje. Ta dubi nisan daji, ta dubi teku.

Ta ce a ranta, "Ƙwarya ɗaya ce."

Ta juye hanjin a teku. Maƙwabta sun gan ta. Washegari kowa ya zuba tasa.

Ruwan ɗumi ya raini abin da aka ba shi. Cikin kwana bakwai wata gansakuka ja ta rufe teku, wari ya tashi, kifi ya cika gaɓa ciki sama. Barmani ta tsinci manya biyu, ta gasa, ta ci ɗaya ta ajiye wa uwarta ɗaya. Kafin la'asar leɓenta ya mutu, numfashi ya gagare ta.

Tabawa ta binne ta, ta koma wurin tsohuwa. "Iya, ki janye ruwanki."

"Ya riga ya san hanya. Ko ni ba ya jin kirana yanzu."

Shi ya sa har yau, da ruwan ɗumi ya iso ya tarar da ƙazanta, sai teku ta yi ja. Masunta su kife jiragensu, iyaye mata su tsare 'ya'yansu a gida, kifi na ruɓewa a gaɓa ga yunwa, ba mai taɓa shi.