Gizo da Tsuntsuwa Mai Atishawar Gishiri

Wa ya taɓa ganin hancin da ke zubar da gishiri? To, ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

"Ta zo mu sha labari, Kaka!"

Wata rana Gizo ya lashe gishirin gidansa tas, ga surukarsa tana hanya. Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, in Inna ta sha miya lami, ƙafata ƙafarta."

Gizo ya fita neman mafita. A bakin tafki ya tarar da 'yar tsuntsuwa, baya baƙi, ƙirji fari, tana hutawa.

"Baƙuwa, daga ina?"

"Daga tekun arewa, inda ƙanƙara ke yawo kan ruwa. Ruwan gishiri muke sha, gishirin ya fita ta hancinmu."

Kan Gizo ya ɗau zafi. "Ashe ni rijiyar gishiri ne ban sani ba! Goya ni!"

Ta kai shi, ta sauke shi kan wani farin dutse kusa da ramin da mijinta ke kwance kan ƙwansu guda ɗaya. Ta ce, "Malam Gizo, dutsen nan da ka zauna..."

"Yi shiru, yarinya, tunani nake!"

Ya kwankwaɗi teku, ya yi atishawa. Majina. Ya ƙara, ya yi atishawa. Majina. Ya sha na uku har cikinsa ya yi tulu, ya yi atishawa. Hawaye!

Ya ce, "Kai, Gizo! Dabara buhu-buhu, hankali ko cokali babu. Tsuntsuwa, mai da ni gida."

Ya iso yana nishi, Inna na zaune, miya na tafasa. Ƙoƙi ta dubi bayan wandonsa, fari fat. Ta dangwala, ta lasa. Gishiri ne, wanda rana ta busar kan dutsen! Ta kakkaɓe wandon cikin tukunya.

Inna ta sha ta ce, "Ɗan nan, ina ka samo gishiri mai daɗi haka?"

Gizo ya sunkuyar da kai. "Inna, ƙasa-ƙasa na samo shi."

Ƙoƙi ta zauna a gidan mijinta, amma cikin Gizo bai sace ba har yau.

Kun ji, mai zumuɗin dabara yakan zauna kan abin da yake nema. In ana muku magana, ku bari a kai ƙarshe.

Ƙungurus, kan kusu ya faɗa miyar Gizo! Ku tashi ku kai wa iyayenku labarin.