Gwiwar Malam Barnaba

Akwai wani mutum, Malam Barnaba, mai son sunansa ƙwarai. Ya rubuta shi a ƙofar gida, da jikin babur, har da bokitin wanka.

Mutanen garinsu sun haɗa kai suka yi wata manhaja ta waya, mai gaya wa manoma lokacin shuka. Suka sa mata suna Damina, tambarinta kuwa koren ganye ne. Ƙa'idarsu ɗaya ce. Kowa na iya ɗauka kyauta ya gyara yadda yake so, amma wanda ya gyara sai ya cire sunan da tambarin, ya sa nasa.

To, Malam Barnaba yana da gwiwa mai ciwo in ruwa ya kusa, ya kuma fi yarda da ita a kan kowane masani. Sai ya ɗauki manhajar, ya bi gwiwarsa ya gaggauto da ranar shuka da mako biyu, ya rarraba wa maƙwabta. Sunan da ganyen kuwa ya bar su yadda suke.

Rifkatu maƙwabciyarsa ta ga koren ganye, ta shuka gyaɗarta duka. Ruwa bai zo ba, iri ya mutu. Aka fara cewa Damina ƙarya take yi.

Mama Damaris, shugabar masu manhajar, ta same shi a gida.

Ya ce, "Haba Mama! Na yi muku gyara kyauta, ko sannu babu?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi bokitin, ta ce, "Malam, bokiti ya samu sunanka. Me wannan aiki ya yi maka da ka hana shi?"

A ransa ya san dalili: bai tabbata da gwiwar ba.

Washegari ya kai wa Rifkatu iri daga rumbunsa, ya bi gida-gida yana cewa laifin nasa ne. Tasa manhajar kuwa ya sa mata Gwiwar Barnaba. Tun daga ranar ba ya sakin kwanan wata sai ya bincika sau uku.

Ga ma'anar misalin, ku da ke dariya a bencin baya. Sunan nan mai koren ganye shi ne sunan Almasihu da muke ɗauke da shi. Mutane suna yarda da maganarmu saboda shi. In ra'ayinka ne, ɗan'uwa, ka ce naka ne. Kada ka ce, "Ubangiji ya nuna mini," alhali gwiwarka ce, domin akwai mai shuka gyaɗarta duka a kan maganarka.