Barmo da Tsiryar Amana

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wani tela ne wai shi Barmo, yana da namijin tsirya a keji, tsuntsu mai bakin tsiya. Ran nan maƙwabciyarsa, Gwaggo Lantana, za ta je wankan jegon 'yarta, sai ta kawo masa tata tsiryar, mace, ajiya. Abu ɗaya ta roƙe shi: kada ya haɗa su keji guda, don bara ƙwai ya kusa kashe ta. Barmo ya dafa ƙirji, ya ce ta tafi hankali kwance.

Gwaggo na ba da baya, namiji ya fara.

"Maigida, matso da kejinta mana. Gaisuwa kawai."

Barmo ya ce gaisuwa ba laifi, ya matso da shi.

Aka kwana biyu. "Maigida, buɗe mata ƙofa. Gero kawai za mu ci tare."

Barmo ya buɗe. Sai ga su suna gyara wa juna gashi, har abin ya ba shi sha'awa.

Can kuma, "Maigida, sa mana 'yar ƙwarya. Inuwa kawai."

Ya sa musu.

To, ƙwarya ta zama sheƙa. Mace ta yi ta zuba ƙwai, ta rame, gashinta ya zube. Barmo ya raba su, duka biyun suka ƙi cin abinci, dole ya mayar. Aka yi ƙyanƙyasa. Barmo ko gidan Gwaggo ba ya iya kallo.

Kwatsam sai ga sallamarta. Barmo ya kwashe 'yan tsakin, ya zuba a hula, ya kifa a kai.

"Barmo, ina ajiyata?"

"Lafiya lau, Gwaggo." Hula ta ce tsiyu.

"Tana ci tana sha?"

"Sosai, Gwaggo." Hula ta ce tsiyu-tsiyu.

"Barmo, yaushe hularka ta koyi magana?"

Ya cire hula, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Murya ƙasa-ƙasa ya ce tsuntsu ne ya yaudare shi.

Namiji ya ce, "Ni roƙo na yi, maigida. Mai hannu shi ya buɗe."

Gwaggo ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi. Ta ɗauki tsiryarta, ta ji ta sakayau kamar auduga, ta ce, "Ɗana, ai da ka ce ba za ka iya ba."

Tunda ba sa rabuwa, Barmo ya miƙa mata nasa tsuntsun har da 'yan tsakin. Ta ajiye su keji kusa da keji, suna ganin juna, har mace ta murmure. Shi kuwa Barmo, ya daɗe yana zagayawa ta lungu don kada su haɗu da Gwaggo.

Kun ji, yara. In an ba ka amana, saurari mai amana, kada ka saurari mai roƙo.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta tashi fir, ta bar muku gashinta.