Cindo da Kandilon Saniya

Ga ta nan, ga ta nanku, mai ƙyanƙyami ya toshe hanci.

Ta zo mu ji ta, ko da wari take.

An yi wani ɗan ƙuda, sunansa Cindo. Ba irin ƙudan da ke faɗa muku a koko ba ne. Danginsa ƙanana ne, ƙugu siriri kamar na cinnaka, da ɗigon baƙi a bakin kowane fiffike. Su a kan kandilo suke neman aure, wato kashin saniya, tun yana ɗumi. Samari su jeru a kai suna kaɗa fiffike. Budurwa ta sauka, wanda ya riga ya ɗare bayanta, ta girgiza shi sau uku. In bai faɗo ba ya zama miji, ta zuba ƙwanta nan. In rana ta busar da kandilon, zance ya ƙare.

Shi kuwa Cindo girgiza ɗaya ke watsar da shi. Duk sa'o'insa sun yi jikoki, shi ko ƙwai ɗaya babu, abin yana cin ransa.

Ran nan da hantsi saniya ta sauke wani lafcece. Samari suka cika shi. Cindo ya hango jerin cinnaku a gindin kalgo, ya ce, "Kai jama'a, ga 'yan mata can, ku duba ƙugu."

Wani mai suna Barmo ya ce, "Ina fiffikensu? Ina ɗigon?"

Cindo ya ce, "Sun naɗe a zane, kunya gare su."

Sakarkarun suka tashi duu, suka faɗa wa cinnaku. Cinnaku suka ba su cizo har suka ƙoshi. Da suka kuɓuta suka koma kan wani ɗan guntun kashin maraƙi, suna kaɗa fiffike don zafi.

Cindo ya hau tsakiyar kandilo, ya gyara tsayuwa.

Sai ga wata budurwa, Delu, ta zo tana shawagi. Ta ce, "Ina mutanen gidan?"

Ya ce, "Ni kaɗai ne, sauko."

Ta ce, "Wannan uban kashi, a ce ba kowa? Saniyar ba ta da lafiya ke nan." Ta wuce wurin taro.

Kyallu ta zo. "Ina mutanen gidan?"

"Ni kaɗai ne, sauko."

Ta ce, "Balbela ta cinye su ke nan, kai ma ta raina ka ne." Ta wuce.

Tasalla ta zo, wadda ya fi so. "Ina mutanen gidan?"

Ya ce, "Ni kaɗai ne. Ba sai kin girgiza kowa ba."

Ta yi dariya ta ce, "To da me zan san mijin ƙwarai? Wanda bai iya riƙe ni ba, ina zai iya tsare ni ina zuba ƙwai?" Ta wuce, yana kallo Barmo ya ɗare bayanta, fuska a kumbure. Sau uku ta girgiza, bai faɗo ba.

Rana ta take, kandilo ya yi ɓawo. Buzuzu ya zo ya fara dunƙule abinsa. Cindo ya fashe da kuka, ya maƙale a bayan buzuzu yana cewa, "Baba, kai ni inda ake taro."

Buzuzu ya ce, "Riƙe da kyau. Ni ba na girgiza."

Shi ya sa har yau kuke ganin ɗan ƙuda a bayan buzuzu, yana bin kashi daga wannan zuwa wancan. Wanda ya kori kowa don ya ci shi kaɗai, har da abin da yake nema ya kora.

Ƙurunƙus, kan buzuzu da mahayinsa. Ku tashi ku wanke hannu.