Dinatu da Gadar Giginya

Akwai wani mutum, manomi, yana da 'ya guda ɗaya mai suna Dinatu. Yana ƙaunarta, ban musa ba, amma irin ƙaunar da ke ɗaure akuya a turke har ƙafafunta su sandare.

Da la'asar 'yan matan unguwa sukan fito dandali, ana gaɗa, ana tsallen igiya, ana carafke da tsakuwa. Dinatu kuwa tana kan tabarma. Da ta miƙe sai uban ya daka mata tsawa: "Zauna! 'Ya mace da guje-guje? Ba a gidana ba." Har a bakin coci yakan bugi ƙirji wai 'yarsa ba ta taɓa ƙuje gwiwa ba. Haba jama'a! Wannan ma abin fahariya ne?

Ran nan da damina ya tafi da ita gonarsa ta hayin rafi. Gadar wurin gungumen giginya ne guda ɗaya, kwance bisa ruwa, kuma kullum goya ta yake yi ya haye, ga ta da shekara tara. Yana cikin noma sai kububuwa ta sare shi a ƙafa. Ba kowa kusa.

Ya ce, "Dinatu, ruga gida ki kirawo kawunki! Maza!"

Ta zabura, taki goma ta faɗi, ta tashi. Da ta ɗora ƙafa kan gungumen, jiri ya kwashe ta. Sa'anninta da tulu a ka suke hayewa, ita kuwa sai da ta kwanta rub da ciki, tana jan jiki tana kuka. A ƙetare hanya ta rabu biyu. Ta tsaya tana waige-waige, gama ba ta taɓa lura da hanya da kanta ba, ta ɗauki wadda ba ita ba. Sai can da daɗewa ta isa gida. Kafin a kai uban asibiti ƙafar ta lalace, sai yankewa aka yi.

Da ya farfaɗo ya harare ta, ya ce, "Me ya hana ki gudu?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, a ina zan koya?"



To, ga abin da misalin nan yake nufi. Manomin nan mu ne, iyaye. Allah ne ya yi wa 'ya mace ƙafa da hannu da hankali, tare kuma suke girma. Mai tsalle tana koyon auna taki, mai carafke tana koyon ƙirga da saurin ido, wadda ta faɗi tana koyon tashi. Mu kuwa mu zaunar da ita, mu ce tarbiyya ce. Wace irin tarbiyya? Binne baiwar Ubangiji ne, kuma abin yana ƙona mini rai. Ku bar 'ya'yanku mata su fita su yi wasa. Ranar da za ka ce wa 'yarka "Maza!" tana nan zuwa, kuma abin da ka bar ta ta koya, shi kaɗai za ta iya.