Lambu Ɗaya, Alkawari Biyu

Akwai wani mutum mai lambun mangwaro a bakin rafi. Yana da mata da 'ya'ya maza biyu, Filibus da Barnaba. Lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai bai cika yi ba.

Wata rana yana dawowa daga jana'izar abokinsa, sai ya ce a ransa, "Da ni aka binne yau, ko mutanen gidana sun san nufina? Bari in ji daga bakinsu."

Ya sami Filibus yana huɗa a gona, ya ce masa, "In Ubangiji ya kira ni, lambun nan na wa zai zama?"

"Nawa mana, Baba. Kai ka faɗa mini, shekarar da muka dasa shi."

Mutumin ya wuce wurin Barnaba da tambayar nan.

"Ai ka ba ni, Baba, ranar aurena. Ka manta?"

Lalle ya manta. Amma da ya zauna ya tuna, sai ya ga ba wanda ya yi masa ƙarya. Bakinsa ne ya yi alkawari biyu a kan lambu ɗaya. Ya koma gida, ya ba matarsa labari. Ta ajiye tsintsiya, ta dube shi.

"To, Maigida, ni fa? Ɗakin nan da nake ciki, wa ka ba?"



Kashegari ya tara iyalinsa, ya kira dattawan ikkilisiya biyu, ya roƙi 'ya'yansa gafara. Magana ta yi zafi har Barnaba ya fita cikin fushi. Uban ya bi shi, ya lallashe shi, ya komo da shi. Aka raba lambun, aka kafa duwatsun iyaka, aka bar wa uwarsu gidan muddin ranta. Aka rubuta, shaidu suka sa hannu.

Ma'anar wannan misali ita ce: abin da ke hannunmu amana ce daga Allah, wasiyya kuwa ba kiran mutuwa ba ce, ƙauna ce ga waɗanda za mu bari. Lokacinta shi ne yanzu, muna da lafiya da hankali. Kada ka ce iyalinka sun san nufinka. Tambaye su, sa'an nan ka rubuta a gaban shaidu. Barnaba ya fita cikin fushi, amma ubansa yana da rai, ya bi shi. In ka bari sai bayanka, wa zai bi ɗanka ya komo da shi?