Ɗan Gafiya a Jami'ar Mikiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta.

Mikiya ta buɗe jami'a a ƙololuwar rimi. Gafiya ta ga 'ya'yan Shaho sun shiga, sai ta ja ɗanta ta kai shi.

Ya ce, "Inna, ni haƙar rami na iya."

Ta ce, "Rufe min baki! Ɗan Shaho ya fi ka ne?"

Ranar yaye ɗalibai Gafiya ta zo tana guɗa. Sai ta ga ana jefo su daga sama, kowa ya tashi.

Ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, ranki ya daɗe, nawa ba shi da fiffike!"

Mikiya ta ce, "Yau kika sani?"

Tim! Ɗan Gafiya ya faɗo ƙasa ya mutu. A wani rami da ya taɓa haƙawa aka binne shi, kowa na yaba kyawun ramin.

Ƙurunƙus kan ɓera, na ɗan Gafiya kam ya fashe.